Hajo Mai Nono da Baturen Tudun Ƙofa

Hajo Bafilatana ce daga wata ruga a bayan Jigwada, gajera mai ƙatuwar murya. Tun tana budurwa take kawo nono cikin Keffi, amma har ta aurar da 'yarta ta fari Hausarta ba ta miƙe ba. Namiji da mace duk "ke" ne a bakinta. Mutanen gari sun saba, har tsokanarta suke yi don su ji.

Ba a daɗe da Turawa suka ci ƙasar ba sai ga wani Baturen kamfani, mai sayen riɗi da ƙiraga. Gidan da aka gina masa a bariki gara ta cinye jinkarsa, ruwan farko ya same shi a gado. Ya tattara komatsansa ya komo Tudun Ƙofa, gidan wani falke da ya rasu. Unguwa ta laƙaba masa Mai Gumi, don ko da sassafe jiƙe yake sharkaf.

Zaman bai yi wa kowa daɗi ba. Daka ta hana shi barci, jakuna sun hana shi cin abinci, awaki suka cinye furannin da ya shuka. Maƙwabta kuwa in sun hango shi sai kowa ya tuna yana da aiki a cikin gida.

Hajo kaɗai ta kutsa kai. "Mai baki ai ba ya ƙin nono," in ji ta. Ta dire ƙwarya a gabansa, ya ɗanɗana, ya lumshe ido. Daga ranar kullum sai ta kai masa madarar shayi, ta zauna ta cika shi da surutu, shi kuma yana maimaita duk abin da ta faɗa. Har leƙowa yake ya ji yadda take gaisawa da matan unguwa.

Da ya ga bakinsa ya ɗan faɗa, sai ya je gaida mai unguwa Dabo, dattijo mai farin gemu, yana zaune a zaure cikin jama'a. Ya cire hula ya ce, "Sannu Dabo. Kin kwana lafiya? Yaya goyo?"

Wa zai gyara wa Bature magana a wannan zamani? Dabo ya ce, "Goyo lafiya lau, Zaki."

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Dabo ya sa aka kira Hajo.

"Ke Hajo, ki ji tsoron Allah!"

"Baba Dabo, me na yi miki?"

Nan take ya hana ta shiga unguwar.

Mai Gumi ya ga shiru ba madara, ya ɗauki sanda ya nufi ruga da kansa. Bai kai ga bukkoki ba bijimin Yero, mijin Hajo, ya yi kansa. Da Hajo ta fito, sai ta tarar da shi a kan tsamiya, takalmi ɗaya a ƙasa.

"Sauko, ba ta cizo!" ta ce, tana riƙe ciki don dariya.

Ya sauko, ya sha fura a ludayi, ya koma gari da ƙwaryarta a hannu, ita tana gaba. Dabo ya gan su sun wuce, ya kau da kai, dokarsa ta mutu a nan.

Damina ta biyu zazzaɓi ya kayar da Mai Gumi. Hajo ta yi ta ɗura masa kunu da kindirmo tana faɗa, wai raki ya yi masa yawa. Bai warke sosai ba aka ɗauke shi a amuku, gadon raga da ake saɓawa a kafaɗa, ta hanyar Nasarawa, ya tafi ke nan. Ya bar mata bahon wankansa na ƙarfe. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce mutum mai hankali ba ya jiƙa kansa kamar gero. Maruƙanta ne suka sha ruwa a ciki har ya ɓule.

Ta tsufa ƙwarai, haƙora suka zube, murya ba ta ragu ba. Ranar da ta rasu, ana cikin zaman makoki, wata jikarta ta buɗe ƙwaryar da ta adana a rataye, aka tarar ba komai ciki sai taba gari, wadda ta yi shekaru tana rantsuwa ta daina.