Dattijon da Ke Karanta Sikeli

Harisu, mai awon auduga a kasuwar Faskari, bai san dattijon nan ba. Dogo ne, gemu fari fat, tafin hannunsa duk kantar fartanya, amma ga burbushin alli a yatsunsa. Ana ɗora buhunsa a sikeli sai ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana, ni zan faɗa." Ya ƙura wa allurar sikelin ido, leɓɓansa na motsi. "Arba'in da bakwai!"

"Haka ne, Baba."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "'Yan sakandarenmu na Tafoki suka koya muna da hutu."

Harisu ya kintata shekara talatin bawan Allahn nan yana karɓar duk abin da aka faɗa masa. Manomin da ke bayan dattijon har ya matso, yana leƙen allurar.