Saniyar da ba ta jin Hausa

Mahaifiyata Bafulatana ce. Ciwon shanu ne ya kawo mu bakin tabkin Madarumfa, da saniya ɗaya tak da ta tsira cikin garke guda. Nan na girma, na auri Bahaushe manomin gyaɗa, na haifi ɗiya mace.

Ban yi wa ɗiyata Fillanci ba. Matan unguwa sukan kwaikwayi maganata a bakin rijiya su yi ta dariya, sai na ce ita kam ba za ta sha wannan ba.

Jikar waccan saniya ce ta rage mana. Ba ta sakin nono sai an yi mata kirari. Inna takan durƙusa, ta jingina goshi a cikinta, ta jero mata uwayenta ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, har kan wadda aka bai wa kakar Inna ranar sunanta. Sannan nono ya zubo cikin ƙwarya.

"Zo ki zauna nan ki koya," in ji Inna ga ɗiyata.

"Kai, Iya! Wa ke hira da saniya?"

"Mai son fura da nono mana, ƴar Kaɗo."

Ni ko ina jin su, na ci gaba da aikina.

Daminar da yarinyar ta kai shekara tara, Inna ta kwanta, bakinta ya karkace. Na ɗauki ƙwarya na durƙusa. Sunaye uku na farko suka zo mini, sauran babu. Saniya ta waiwayo ta dube ni, ta riƙe nononta. Na koma ɗaki na roƙi Inna ta maimaita mini. Leɓenta na motsi, ba abin da ke fita sai miyau.

Mun bai wa saniyar dusa, mun ba ta kanwa. Ɗan maraƙinta ya sha, mu in mun kai hannu sai harbi. Da aka yi wata biyu a haka, maigida ya ce, "Ki yi haƙuri, ba za mu iya ciyar da ita a banza ba."

Ranar da aka ja ta kasuwar Maraɗi, ta bayan ɗakin Inna aka bi. Inna ta ji takunta, ta juya fuska ga bango. Ba ta ga kakar wannan shekarar ba.

Bayan addu'ar bakwai ɗiyata ta ce mini, "Inna, koya mini abin da Iya ke faɗi."

Na ba ta ukun nan. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, su na fara rubutawa. Ƙasansu har yau takardar fara ce.