Iccen Da Inna Hajo Ta Hana A Sare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekaranjiya da hantsi ina bakin turmi ina surhen gero, sai maƙwabciyata ta leƙo ta bisa darni, tac ce: "Rabi, aje taɓarya. Inna Hajo mai nono ta cika." Na aje, na zamna nan ƙasa. Har kaji sunka hau turmin ban kore su ba.

Ni ban yi karatu ba, ban iya tsara magana ba. Amma tunda an ce kowa ta hwaɗi abin da tas sani, zan hwaɗi nawa. Yaya Mairo, ki gahwarce ni in kin ga ina dariya wurin zaman makokin mahaihiyarki. Ba a tuna Inna da busasshen baki.

Ni 'yar Yargalma ta. Ina ƙarama anka yi ciwon gubar dalma ta haƙar zinari, ƙanena yar rasu goye a bayan innarmu. Tun sannan, duk abin da yaro yas sa baki wanda ban sani ba, jikina rawa yakai. Bara munka komo nan Nasarawa, cikin gidan da wasu masu haƙar zinari sunka bari. Bayan ɗaki akwai wani icce jikin darni, inda ruwan wanka ka bi. Ban taɓa ganin irinshi ba. Da damina ta yi nisa sai ya zubo ɗiya, rawaya, dogaye kaɗan, ba su kai ƙwan zabo ba.

Ran nan na hito daga ɗaki na ishe ɗiyata Hadiza, 'yar shekara uku, zamne gindinshi, kumatu cike, ga ƙwallaye biyar ta jera gabanta. Na yi kururuwa, mata sunka cika gida. Wagga ta ce tsada ta, waccan ta ce ina, tsada ƙaya gare ta. Wata ta ce a ɗura mata manja ta amayo. Mijin maƙwabciyata har ya ɗauko gatari. Ni dai na saɓa yarinya, na damƙi ɗiyan iccen guda, na yi waje ko mayahi babu.

A bakin hanya nic ci karo da Inna, ƙwarya bisa kai. Na miƙa mata, ina kuka: "Inna, don Allah mi na na? Kisa yakai?"

Ta sauke ƙwarya a hankali. Ba ta dubi abin da ke hannuna ba, yarinya tad duba. Ta buɗe mata ido, ta latsa ciki, ta shinshina baki. Sannan tac ce: "Ɗiyata, wagga dai ba ta da niyyar mutuwa yau, hurata takai wa kallo. Amma ni ba ni raɗa ma icce suna daga ɗanshi. Kai ni in ga uwar."

Muna shiga tad daka ma mai gatari tsawa: "Kai, Malam Sani! Ko alƙali sai ya ji ta bakin ɓarawo. Aje!" Ya aje, yana sosa ƙeya.

Ta zagaya iccen sau biyu. Ta shahwa ɓawon, mai kauri, duk ƙuraje. Ta karya reshe ta ga ko zai yi hwarin nono, bai yi ba. Ta duƙa ta tsinci waɗanda jemagu sunka gatsa. Nic ce: "To ai ga shi jemage na ci." Tac ce: "Jemage ba ɗiyarki na ba. Akuya ma tana cin abin da ka kwantar da ƙato." Sannan ta dube mu duka tac ce: "Ban san shi ba tukuna." Amma yau in na tuna, nan nig gane ko wace ta. Tsohuwa mai hurhura, gaban mata goma, ba ta ji kunyar cewa ba ta sani ba.

Sai ta murza ganye a tahin hannu, ta kai hanci. Ta sake shinshinawa, sai ga dariya har da riƙe ƙugu.

"Warin ɗanyen mangwaro! Kai, tsuhwa ba ta yi ba. Ku duba, ba layi guda yake da sandunan darni ba? Ba shuka shi anka yi ba, sanda ta wani mutumin kudu ya kahe, ta sami ruwa ta yi sayye. Tsadar Masar ta! Ina amarya mun kai shanu kudu da rani, damina ta ishe mu can, na sha ta har haƙorana sunka mutu, na kwana biyu ban tauna tuwo ba."

Nic ce: "Inna, kin tabbata?"

Ba ta amsa ba. Ta ɗebi uku ta goge da zane, ta watsa baki. Ta yamutsa huska don tsami, ta zamna bisa turmina. "Ga ni nan har la'asar. In guba ta, ni ka riga ta, ku gaya ma Mairo inda na aje maburgina."

Ta zamna kuwa. Nononta na ranar bai ga kasuwa ba, ita da Hadiza sunka shanye rabi. Da anka kira la'asar yarinya na tsalle tsakar gida, Malam Sani mai gatari na bisa icce yana kaɗo ma matarshi.

Da za ta tahi tar riƙe hannuna tac ce: "Tsoronki ba laihi na ba, shi ka raya ɗa. Amma in ya taso, ki ba shi ƙahwa ya tahi tambaya, kak ki ba shi gatari."

Har yau ina tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ga wani cikin gare ni, ga daji cike da abin da ban sani ba, wadda nika tambaya ta tahi.

Allah ka jiƙan Inna Hajo, ka yahe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sa can ta hi mata nan. Yaya Mairo, Allah ba ki haƙuri, ke da ƙannenki da jikokinta, ya tsare ku da dabbobinku a wanga zamani. Ita kuma, Allah ka zamnad da ita inuwar itacen aljanna, ta miƙa hannu ta ci, ba sai ta shinshina ganye ba. Amin.