Riga Ɗaya, Baƙi Huɗu

Abubuwa da yawa sun shige mini cikin shekaru talatin da biyar da na yi a aikin gwamnati, amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar da muka yi wa mawaƙan nan huɗu na Birtaniya liyafa ba. Ku da kuke sashen tarbar baƙi yanzu, ku saurara da kyau, domin har yau idan na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Abuja tana ta tashi, duk inda ka duba gini ne, wayar salula ta shigo, kowace ma'aikata tana son ta yi taron da za a nuna a talabijin. Ni ina mataki na takwas, ina jiran ƙarin girma zuwa na tara, kullum sai na baro Dutse Alhaji da sassafe don kada in makara. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne mu san wa zai shiga wace mota, wa zai zauna a wace kujera, wa za a fara ambata. Sai aka shirya makon musayar al'adu, Turawa suka ce za su turo ƙungiyar makaɗa. Darakta ya rubuta a kan fayil ɗin cewa ni ne jami'i mai kula da su. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, idan abu ya yi kyau na Darakta ne, idan ya lalace nawa ne.

A cikin fayil ɗin akwai tarihin ƙungiyar, shafi goma sha biyu, kuma na rantse duk ma'aikatar nan ni kaɗai na karanta shi. Kiɗansu irin na jita ne mai ƙara, wanda Turawa ke kira rok, sai dai nasu na 'yan gefe ne, waɗanda ba sa bin abin da kasuwa take so. Su huɗu 'yan aji ɗaya ne a wani garin masana'antu a arewacin Ingila. Masana'antu suka rufe, babu aiki, suka shiga garejin mahaifin mai gangarsu suna kaɗe-kaɗe suna hana maƙwabta sakat. Daga nan sai ƙananan mashaya, sai gidajen rediyon ɗalibai, har faifansu na uku ya yi kasuwa. To, a nan masifa ta shigo. Jaridu suka fara buga hoton mai waƙar shi kaɗai, kamfani ya sa sunansa a gaban na ƙungiya. Mai jitar, wanda shi ke tsara kiɗan tun daga gareji, ya ajiye jitarsa ana tsakiyar rangadi ya tafi gida. Shekara shida ba su gaisa ba, sai a jana'izar tsohon nan mai gareji suka shirya, bisa sharaɗi ɗaya: ba shugaba a cikinsu har abada. A shafi na tara an rubuta ƙarara cewa duk mai masaukin da ya fifita ɗaya a kan sauran, suna da ikon su fasa wasan su kama hanya.

Na ɗauki fayil na shiga wurin Darakta. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Sabo, wane ne ogansu?"

"Ranka ya daɗe, ba su da oga. Yana nan a shafi na tara."

"Kai Sabo, 'yan acaɓan bakin sakateriya ma suna da ciyaman. Wa ke riƙe makirfo?"

Na nuna masa wani dogo a hoton da ke cikin fayil ɗin.

"To, shi ne. A ba shi baƙar mota, sauran su shiga bas. A ɗinka masa kaya na shadda mai kyau."

Na koma tebur na rubuta masa takardar bayani, na kwafo sharaɗin kalma da kalma. Bayan kwana biyu ta dawo da rubutu ɗaya a gefe: a bi tsari. Na san ko layin farko bai karanta ba.

Direban bas ɗinmu shi ne Bitrus, dattijo ɗan Filato da ke zaune a Karshi, ya fi ni daɗewa a ma'aikatar nesa ba kusa ba. Shi ya raɗa wa mai waƙar suna Dogo, mai jitar kuma Gemu, tun a filin jirgi. Can muka fara dabara. Muka ce baƙar mota ta samu matsala, muka kwashe su duka a bas, da wandunansu masu yagaggen gwiwa da rigunan da ko mai gadina ba zai sa ba. A otal a Maitama ma na lallaɓa aka ba su ɗakuna iri ɗaya. Har na fara jin cewa zan tsallake.

Liyafar rana ce ta kayar da ni, domin Darakta da kansa ya tsara ta. Na shiga zauren na tarar da babban teburi an ɗora shi a kan dandamali, ga Babban Sakatare, ga daraktoci shida, ga kujera ɗaya tak ta baƙo. Sauran ukun an ajiye musu teburi a ƙasa, kusa da masu ɗaukar hoto. Na ce a ƙara kujeru uku. Aka tambaye ni waɗanne daraktoci uku zan tayar. Na koma gefe, don ban shirya barin aiki a ranar ba.

Dogo ya yi ta nuna ba ya so, amma mata biyu masu raka baƙi suka sa shi a tsakiya har kan dandamali. Sai mai gabatarwa ya fara karanta tarihin ƙungiyar. Ni na rubuta shi, amma Darakta ya yi masa gyara ban sani ba. Gareji ya ɓace, rashin aiki ya ɓace, shekara shida ta ɓace. Abin da na ji da kunnena shi ne, wai Dogo ne ya kafa ƙungiyar, ya kai ta inda ta kai da taimakon yaransa uku. Aka yi tafi. Gemu ya ninke tsumman goge baki, ya ajiye a hankali, ya tashi ya fita. Na bi bayansa.

Na same shi a cikin bas, jitarsa a kan cinya. Bitrus yana tsaye a waje da makulli a hannu.

"Oga Sabo, wannan Bature ta ce in kai shi efot. Na gaya masa mota ba ya fita sai oga ya sa hannu a takarda."

Ranar ce kaɗai a rayuwata na gode wa Allah da takardar fitar mota.

Na shiga na zauna kusa da Gemu. Bai ɗaga murya ba. Da Turanci ya ce mini, "Shekara shida ban yi wa mutumin nan magana ba saboda kujera irin waccan. Ba ku karanta abin da muka aiko ba?"

"Na karanta."

"To, me ya sa?"

Yaya zan bayyana wa Bature cewa a ma'aikatarmu karanta abu daban, isa ka faɗe shi daban? Abin da nake gani kawai shi ne wasan yamma ya rushe, an gayyaci jakadu, kuma sunana ne a kan fayil. Mataki na tara na gan shi yana ɗaga mini hannu.

Sai idona ya faɗa kan ƙunshin kyautar Dogo da ke kujerar baya, wanda ni zan kai dandamali bayan jawabai. Na kwance shi. Babbar riga, 'yar ciki, wando, hula. Na sake dubawa. Huɗu ne cif.

Na koma zauren. Darakta yana tsakiyar jawabi a kan daɗaɗɗiyar dangantaka. Na bi ta bayan babban teburi na raɗa wa Dogo cewa abokinsa yana mota zai tafi. Ko kallon Babban Sakatare bai yi ba, ya miƙe ya sauko, sauran biyun suka biyo mu. Na ji muryar Darakta ta sarƙe a bayana, ban waiwaya ba.

A wurin ajiye motoci, rana tana dukanmu, na yi ta maza na ce musu wannan kyautar ma'aikata ce gare su su huɗu, kowa da nasa. Ƙarya ce, Allah ya yafe mini. Na fara rabo. Kuma a nan ne abin da ya fi ba ni haushi ya faru. Ni da na karanta shafi na tara, ni da na yi kwana biyu ina zagin Darakta a zuci, hannuna ya ɗauki babbar rigar ya miƙa wa Dogo. Ban yi tunani ba. Hannun ne kawai ya san aikinsa.

Bitrus ya ce a hankali, "Haba, oga."

Dogo ya dubi rigar, ya dube ni, ya dubi Gemu da ke ƙofar bas. Sai ya warware ta ya zura wa Gemu ta ka, shi kuma ya zare wandon daga hannuna. Gemu ya tsaya cikin shadda har ƙasa, hannuwansa sun ɓace. Ya ce yaya mutum zai kaɗa jita a cikin tanti? Bitrus ya matso ya naɗe masa hannayen rigar a kafaɗa, ya ce, "Haka manya suna yi." Mai ganga ne ya fara dariya, sai Dogo, can sai Gemu ma ya kasa riƙewa.

Da yamma suka yi wasansu. Gemu da babbar riga, Dogo da wando ya ɗaure mazagi a kan rigarsa, mai ganga da 'yar ciki, na huɗun da hula ta zauna masa a kunne. Ban fahimci ko baiti ɗaya ba, ƙarar kuwa har cikin haƙorina. Babban Sakatare ya sulale bayan waƙa ta biyu. Matasa dai sun yi ta tsalle, jakadu suna ta yabo, Darakta yana karɓa.

Washegari da ƙarfe tara takardar tuhuma tana kan teburina. Laifi biyu: na ɗauke babban baƙo daga babban teburi Darakta yana jawabi, kuma na rarraba kayan gwamnati ba da izini ba. Na ba da amsa shafi biyu, na manna kwafin shafi na tara a baya. Ba wanda ya buɗe. Ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda, na ci gaba da hawa bas daga Dutse Alhaji.

Na daɗe ina ba da labarin nan a kan cewa Darakta ne ba ya karanta fayil, kuma gaskiya ne, ku riƙa karanta fayil. Amma da na tsufa sai na gane ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Aikinmu yana koya wa mutum cewa ba a ganin mutum huɗu sai an jera su, ɗaya a sama uku a ƙasa, har abin ya bar kai ya koma hannu. Darakta bai san tarihin yaran nan ba, yana da uzuri. Ni na sani sarai, kuma ni na miƙa rigar.