Baba Tizhe, Mai Kai Sabis Ƙuryar Ɗaki

Idan ka bi ta layin masu gyaran waya da ke bayan babbar kasuwar Mubi da sassafe, za ka tarar da shago ɗaya a buɗe tun sauran masu shaguna ba su fito daga gida ba. Mai shi, Emmanuel Tizhe, ya riga ya share ƙofarsa har da ta maƙwabcinsa, ya yayyafa ruwa, ya zauna a benci da kofin shayi da ƙosai, rediyonsa na magana ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya wuce sai ya sami gaisuwa da yarensa. Bafillace ya ji "Jam na?", Bagude ya ji tasa, mutumin Michika kuwa sai an tsaya an tambayi kowa da kowa na gida. Rana na ɗagawa sai ya rataya jakarsa ta buhu, wadda waya da filaya da sukundireba suka cika, ya shiga gari. Ba ya dawowa sai la'asar, wani lokaci da ƙurar silin a kansa, wani lokaci da ɗanyar gyaɗa a aljihu wadda wata tsohuwa ta tilasta masa karɓa.

Haka na san shi tun ina yaro, kuma haka yake har ƙarshen watan jiya, lokacin da gwiwa ta ce ta gaji da hawa rufi. Ya miƙa shagon ga 'yarsa Dorathy, wadda ta daɗe tana aikin tare da shi, ya ce zai koma gonarsa ta Vimtim ya ga yadda masara ke girma ba tare da waya na kuka a aljihunsa ba. Ba a yi masa taro ba, ba a ba shi lambar yabo ba. Shi ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami.

Baba Tizhe ya zo Mubi daga Michika a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Adamawa, ya fara da gyaran rediyo. Da talabijin ta yawaita ya koma kafa eriya a kan gora, daga nan ya koma dish. Da intanet ya fara shiga gidaje, mutane suka riƙa sayen rauta, wato ɗan akwatin nan da ake sa wa layin waya ya riƙa watsa waifai cikin gida, sai ya zauna ya koyi wannan ma, da furfurarsa. Na taɓa tambayarsa ko bai gaji da koyon sabon abu ba. Ya yi dariya ya ce, "Mahmoud, duk abu ɗaya ne. Magana yana yawo a iska, kai kuma ka nemo masa ƙofa."

Malam Gabdo, wani manomi daga Gude, ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa a ƙarshen shekarar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi kowa ya gudu. Ya ce a cikin ayarinsu da suka nufi duwatsun kan iyakar Kamaru, kowa ya ɗauko abin da hannunsa ya kai: wani tabarma, wani tukunya, wani akuya. Shi Baba Tizhe ɗan faifan sola ya goyo a baya kamar jariri. Har wasu suka yi masa tsiya a hanya. Amma da wayoyi suka mutu, kowa ya rasa yadda zai san ina 'yan'uwansa suka faɗa, wurinsa aka dawo. Yakan shimfiɗa faifan a rana ya yi wa mutane caji bi da bi, sannan ya tattara wayoyin a jaka ya hau wani dutse inda ake ɗan samun sabis, ya kira lambobin da aka ba shi, ya sauko da labari. "Wallahi ta bakinsa na ji cewa matata da yara sun isa Yola lafiya," in ji Malam Gabdo. "Bai tambaye ni coci nake zuwa ko masallaci ba. Lambar kawai ya tambaya."

Da aka dawo gari ya tarar an fasa shagonsa an kwashe komai. Ya share, ya sa sabon kwaɗo, ya ci gaba.

Nawa labarin da shi ya faru ne a daminar 2016, a gidanmu da ke Shuware. Mahaifiyata, Dada Hapsatu, ta faɗi a wannan gudun ta karye a ƙugu, tun daga nan ba ta ƙara tashi da kanta ba. Ɗakinta shi ne na can ƙurya, tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda ta ƙi bari domin a nan ta haife mu duka. Ƙanwata Habibat kuma da tsohon ciki ta gudu, ta haihu a Garwa ta ƙasar Kamaru kafin lokacinta, daga baya mijinta ya wuce da su Libreville wurin yayansa. Jaririyar aka sa mata sunan Dada. Dada ba ta taɓa ganinta ba.

Mukan kira Habibat daga zaure, inda rautarmu take a bakin taga, domin nan kaɗai sabis ke isowa sosai. Sai mu ɗauki muryarta da hotunan yarinyar mu kai wa Dada. Takan duba ta mayar mana da wayar. "Hoto ba ya motsi," take cewa. Ta sa a ranta cewa bakwainin nan ba ta da lafiya, ba ta tafiya, muna ɓoye mata ne kawai. Muka rantse, ba ta yarda ba. Muka nuna mata ɗan bidiyo, ta ce ina ta san ko 'yar maƙwabta ce. Abinci ya fara dawowa daga ɗakinta kamar yadda aka kai shi. Mun gwada ɗaukarta zuwa zaure sau ɗaya, ihun da ta yi saboda ciwon ƙugun ya sa ba mu ƙara ba.

Na je na faɗa wa Baba Tizhe. Ya ɗauki jakarsa ya biyo ni.

Ya fara shiga ya gaida Dada, ya durƙusa a bakin ƙofa duk da gwiwarsa. "Mama, yaya jiki? An ce kana fushi da abinci."

"Tizhe, kai ma sun turo ka ka yi mini ƙarya?"

"A'a Mama. Ni ban ga yarinyan ba, ba zan ce komai a kansa ba. Zan kawo maka shi nan ne, ka duba da idonka."

Daga nan ya fito da wayarsa ya riƙa takawa a hankali daga zaure zuwa ƙurya, idonsa a kan sandunan waifai. A tsakar gida suna nan. Ya wuce rijiya suka ragu. Yana zagaya tankin ruwanmu na ƙarfe sai suka ɓace gaba ɗaya. Ya koma, ya sake zuwa, ya ɗaga wayar sama, ya sauke ta ƙasa, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Sannan ya zaro wata 'yar farar na'ura, girmanta bai wuce sabulun wanki ba, da kunnuwa biyu a tsaye. Ya ce sunanta ekstenda, aikinta ta karɓi waifai daga rauta ta tura shi gaba. Na ce to mu sa ta a ɗakin Dada mana. Ya girgiza kai.

"Ba ya haifan sabis da kansa. Abin da ya ji shi yake maimaitawa. In ka sa shi inda babu, babu zai maimaita. Sai a tsakiya, inda yana jin na zaure da kyau, kuma muryansa zai kai ɗaki."

Ya fara haɗa ta a zaure kusa da rautar, ya danna ɗan maɓalli a jikin wannan, ya danna a jikin waccan, muka tsaya muna kallon fitilarta tana ƙiftawa har ta tsaya kore. Ya cire ta ya kai barandar ɗakina, inda akwai soket. Fitila ta nuna kore, muka yi murna. Muka shiga ɗakin Dada, sanda ɗaya ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Muka kira Habibat, fuskarta ta bayyana ta daskare, kira ya yanke. Dada ta juya fuskarta bango.

Baba Tizhe ya tsaya a tsakar gida yana kallon tankin nan da bangon ɗakin. Hadari ya taso, ya tattara kayansa ya ce, "Wurin ne bai yi ba. Gobe zan dawo."

Washegari ya dawo da doguwar waya, da wani ɗan akwatin katako da ya ƙera da kansa, mai rufin roba. Ya ce ya ga inda ya dace: ƙarƙashin rufin kicin, sama da tsayin tanki, inda tagar zaure ke kallonsa, ƙofar Dada ma ke kallonsa. Babu soket a wurin, sai ya ja wuta daga batirin solarmu ya bi da ita ta jikin bango, yana kafa ta da ƙananan ƙusoshi don kada yara su ja. Ya hau ya kafa akwatin saboda ruwan sama, ya zaunar da na'urar a ciki, ya miƙar da kunnuwanta. Ya sauko yana dafe da gwiwa. Ya kuma roƙi Dada ta yarda a riƙa barin ƙofarta a buɗe da labule kawai, domin ƙyauren na ƙarfe ne.

Bayan la'asar muka kira. Hoton Habibat ya fito tas, har ana ganin zanen ɗankwalinta. Na riƙe wa Dada wayar. Suka gaisa, suka yi kuka, sannan Dada ta share ido ta ce, "Ajiye ta a ƙasa in gani."

Habibat ta sauke yarinyar ta ja da baya. 'Yar ƙaramar Hapsatu ta tsaya tana layi, ta kalli wayar, sai ta taho da gudu tana dariya ta kai mata cafka, muka ga silin, muka ga hanci, muka ji Habibat na cewa a sake mata waya. Dada ta yi dariyar da ban ji irinta ba tun kafin gudu. "Ja'ira!" ta ce. "Ashe har gudu take yi. Ƙafafun babanku ne da ita."

Na leƙo in kira Baba Tizhe ya gani, na tarar yana bakin rijiya yana wanke hannu. Ya ce wannan na iyali ne, shi ya ji dariyar daga nan, ta ishe shi. A ranar Dada ta cinye tuwonta ta nemi ƙarin miya.

Kafin ya tafi sai da ya tara matan gidan, ba ni ba, domin ya ce su ne ke gida kullum. Ya nuna musu fitilar: kore lafiya, ja akwai matsala. In ta yi ja a kashe rauta, a kashe ekstenda, a ɗan jira, a fara kunna rauta sannan ita. Ya sa kowacce ta yi da hannunta. Daga baya na gane haka yake yi a kowane gida, daga Lokuwa har Vimtim. Kuma mutane da yawa sun shaida mini cewa sun kira shi ya sa musu ekstenda, ya duba ya ce ba sa bukata, ya ɗauke rautarsu daga bayan firji ya ɗora a kan kabad, ya sha ruwa ya tafi.

Baba Tizhe, kai ne wanda ba ya ce wa tsohuwa "ki yi haƙuri" alhali akwai abin da hannu zai iya yi. Kai ne ka dawo washegari. Garin nan ya watse, 'ya'yansa suka bazu Yola da Kano da Garwa da inda ba mu taɓa jin suna ba, kai kuma ka bi gida-gida kana haɗa iyaye da 'ya'yansu, ɗaki bayan ɗaki. Gogan rufi, mai sauka da murmushi.

Ranar Asabar da ta wuce na kai masa ziyara Vimtim. Muna zaune ƙarƙashin mangwaro, Dorathy ma ta zo hutun ƙarshen mako, sai wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce mai suna Dijatu daga Bahuli, ta ce fitilar na'urarsu ta yi ja, ga shi ɗanta zai cike takardun jarrabawa a ranar. Nan take ya miƙe yana neman takalminsa.

"Baba, ina za ka?" in ji Dorathy.

"Dubawa kawai zan yi."

"Takalmin ma ya yi ritaya. Na ɓoye shi."

Ya harare ta, ya koma ya zauna, ya ce wa Dijatu, "To, ka tuna abin da na nuna maka? Wanne za ka fara kashewa?" Muka ji ta tana tafiya, tana magana da kanta. Can sai ta ɗaga murya: "Baba, ya yi kore! Ni na gyara!"

Ya ajiye wayar a cinya ya ce, "Ka gani? Ba su bukata na kuma." Yana faɗa yana murmushi har kunne.

Muna bukatarka, Baba, ko da a zaune ne. Mun gode. Dada ta gode, Malam Gabdo ya gode, gidajen da ban san sunayensu ba sun gode. Allah Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya sa masararka ta yi goyo biyu-biyu.

Ku kuma masu sana'a na Mubi, matasa da manya, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai kun je nesa ba. In aiki ya ƙi yau, ku koma gobe. In kun gama, ku koya wa mai gida yadda zai yi ba tare da ku ba. Wanda kuma Baba Tizhe ya taɓa hawa rufinsa, hanyar Vimtim a buɗe take. Ku je ku gaishe shi da bakinku yanzu, yana zaune yana ji.