Tsohuwar da Ta Durƙusa a Gidan Likita

A gidan likita na Dogon Dutsi, ƙarƙashin sabuwar tutarmu, wata tsohuwa tana zaune kan benci, ƙafafu a miƙe. Gwiwoyinta duk tabon ƙaho ne da na tsaga. Ban san sunanta ba, amma na san tabon: da irinsa kakata ta rasu, ana cewa aljanar nan Doguwa ce ta kama ta.

Ga Mushe Hilaire, wato Malam Hilaire da Faransanci, mai ba da magani, ya fito. "Inna, ana shan ƙwayoyin? Ana gasawa da ruwan zafi?"

"Ana yi. Ciwon yana nan, amma ya yi ladabi. Tsaya can, yaro, kak ka taɓa ni."

Ta jingine sandarta. A hankali take sauka, tana cije leɓe, har gwiwoyin suka taɓa ƙasa. Ina jin ta daɗe tana gaida mutane a tsaye, ana yi mata kallon mai girman kai, ita kuwa ba ta iya cewa ciwo ne.

"Ina kwana, likita?"

Ta dafa ƙasa, ta miƙe da kanta tana dariya. "Gobe za ni ta'aziyya Tibiri. Gaban kowa zan durƙusa, su gani!"