Iyakar Gamba

Jiya na ga tushen gamba a hanyar Filinge, sai na tuna Baffa, wan babana. Zamanin Nasara maƙwabcinmu ya rantse geronmu ya shiga gonarsa, zai kai mu gaban kumandan, Baturen mulki. Iyakar kuwa ba shinge, sai gamba jefi-jefi. Baffa ya hau da shi kan suri.

"Malam, mi ka gani?"

"Layi sambal. Geronku bai ƙetare ba."

Wallahi ni ma da na hau surin na gan shi, kamar an ja da wuƙa. Na sauka neman layin, na tone rairayi har farcena ya kusa ƙarewa, babu komai.

Baffa ya ce, "Ido ka haɗa gambar ta zama layi, ɗana."

Yau in mun zauna hira, haka nake ganinsa a gurbin da ya bari. Allah ya haskaka makwancinsa.